Lantana Mai Ɗaga Inna

Sau shida a yini Lantana take ɗaga Inna Mariyama. Na sani domin darni ɗaya ne ya raba gidanmu da na ɗanta Mushe Ishaku a Gazawa, darnin kuma ya ci shekaru, duk abin da ake yi a tsakar gidansu ina gani ko ban leƙa ba. Da sassafe ta ɗauko tsohuwar daga gado ta kai ta makewayi ta yi mata wanka, ta maido ta. Da hantsi ta fito da ita gindin bedi ta sha iska, da azahar ta mayar. La'asar ta sake fitowa da ita, magariba ta shigar. Wannan ban da juyi a kan gado, ban da canjin shimfiɗa in tsohuwar ta ɓata, kuma takan ɓata.

Inna Mariyama ba ƙaramar mace ba ce. Tun tana da lafiya in ta shiga motar kasuwa sai an yi rigima da direba a kan kuɗin mutum biyu. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da ita sai nauyin ya ƙaru, ta koma kamar buhun gero da ruwa ya jiƙa. Lantana kuwa siririya ce, ta ba arba'in baya. Sai ta sunkuya ta zura hannuwanta ƙarƙashin hammatar tsohuwar, ta rungume ta ƙirji da ƙirji, ta yi bismillah, ta miƙe da ƙarfin ƙugunta, ƙafafun Inna suna jan ƙasa. Babu wanda ya koya mata. Haka ta ga zai yiwu, haka take yi.

Lantana ba ta da gona, ba ta da ko akuya, mijinta ya rasu bai bar mata ɗa ba. A ƙauyensu, Gangara, bayanta ne yake ciyar da ita. Ta yi wa mutane sussuka da surfe, ta ɗebo musu ruwa, a ba ta tiya ɗaya ko biyu na hatsi. Ranar da bayan nan ya ƙi, ranar tuwo ya yanke mata. Shi wannan bayan ne Mushe Ishaku ya je har Gangara a kan moto, wato babur, ya aro. Ya ce na wata biyu ne kafin uwarsa ta samu sauƙi, kuma duk ƙarshen wata za a ba ta abin da ya sawwaƙa. Aka shiga wata na ashirin, abin bai sawwaƙa ba ko sau ɗaya.

Abin da ya ɗaure Lantana shi ne ita da Ishaku taubasai ne, uwarta ƙanwar ubansa ce. Kun san al'adarmu: ɗan namiji ubangida ne, ɗan mace bawa, amma a wasa. Su zolayi juna, su ci mutuncin juna, babu mai fushi, wanda ya yi fushi shi ne abin dariyar dangi. A watan cika-ciki ubangida ya ba bawansa kuɗin shara, a yi raha a watse. Kakanninmu sun ƙago abin ne don zumunci ya yi armashi. Ishaku ne mutum na farko da na ga ya mai da shi hanyar samun 'yar aiki a banza.

Kuma ba jahili ba ne, malamin lakol ne, wato makarantar boko, shi ya sa ake ce masa Mushe. Shekarar ce ta bayan babban taron ƙasa, an saki bakin kowa, jam'iyyu sun fito kamar fara, malamai kuma yau suna aji gobe suna yajin aiki saboda albashi yana makara. Ishaku shi ne bakin sandikar malamai, wato ƙungiyarsu ta ƙwadago, a unguwarmu. Kullum la'asar yana kan benci a ƙofar gida da rediyo a cinya, yana yi wa mutane bayanin haƙƙin ma'aikaci har jijiyar wuyansa ta tashi. Yakan rantse duk wanda ya ci gumin wani Allah ba zai bar shi ba. Ina jin sa daga cikin gida, a daidai lokacin da 'yar gwaggonsa take nishi da uwarsa a ƙirji.

Wata la'asar Lantana ta yi ta maza. Ta zaunar da Inna, ta goge hannu a zane, ta leƙo zaure ta ce tana son ganinsa a ciki. Bai taso ba. Ya ɗaga murya yadda 'yan benci za su ji.

"Baiwata, hwaɗi nan. Mi ubangidanki ya yi miki?"

"Ba wasa ya kawo ni ba, Ishaku. Maganar da munka yi a Gangara ce. Bayana na ciwo, ina so in tahi likita, ba ni da ko dala."

"Ku ji min ikon Allah," ya juya wajen abokansa. "Dimokuraɗiyya ta shiga har madahi. Baiwa na neman albashi wurin ubangijinta. Gobe sai ta kahwa sandika."

Benci ya kwashe da dariya. Lantana ta yi abin da al'ada ta ce a yi. Ta murmusa, ta kira shi matsiyacin ubangida wanda ko takalmi bai iya saya wa baiwarsa ba, aka ƙara dariya, ta koma ciki. Na ga fuskarta sa'ad da ta wuce ta gefen darni, babu sauran murmushi a kanta. Da watan cika-ciki ya kama, ya kira ta a gaban mutane ya ba ta dala ashirin na shara, ya ce ta sa albarka. Abin da ta gani ke nan a shekarar.

Ta gwada ƙanensa Tijjani, ɗan kasuwa mai kai wake ƙetaren iyaka ya dawo da fetur da atamfa. Shi yana da kuɗi, kuma shi bai yi mata wasa ba, wa'azi ya yi mata. Ya ce in aka sa mata albashi an mai da ita bare, an lalata zumunci, mutane za su ce 'yar Gwaggo ce take jinyar matar kawunta don kuɗi. Ya ce ladan da take tarawa babu kuɗin da zai iya sayensa. Ya kawo sabulu sanda ɗaya ya ba ta, sabulun kuma a jikin uwarsa ya ƙare.

Sai Nazira, matar Ishaku. Ta yi kolej, tana jin faransanci, kuma tana da kunya irin wadda ban taɓa gani ba. Ba ta faɗin sunan surukarta, ba ta cin abinci a gabanta, ba ta iya ganin jikinta a buɗe. Mu duka mun yi kunyar surukai, amma mun san inda take tsayawa. In ciwo ya shigo gida, a ajiye kunya a ɗauki tsumma. Kunyar Nazira ba ta taɓa hana ta tsame naman da aka sayo don Inna ba. Fo ɗin kashi kaɗai take hana ta ɗauka.

Ana nan sai manjo, babban ma'aikacin likitar garin, ya zo duba tsohuwar. Ya ɗaga zane ya duba gadon bayanta da ɗuwawu da dugadugai, bai ga gyambo ko ɗaya ba. Ya tambayi shekara nawa tana kwance, aka ce ta kusa biyu. Ya girgiza kai ya ce ko a babbar likita bai cika ganin haka ba, ya tambayi mai kula da ita. Aka nuna Lantana, tana tsugune tana wankin tsumma.

Manjo ya ce to an dace. Akwai wani porje da ya zo, wato shirin taimako na nasara, zai ba da horo na kwana goma a Agye ga masu jinyar marasa lafiya a gida, kowane gida mutum ɗaya. Da Hausa za a yi, ba sai mutum ya iya karatu ba. Akwai abinci, akwai kuɗin zama, kuma duk wadda ta gama za a riƙa ba ta jika uku a wata muddin majinyacinta yana raye. Ya miƙa wa Ishaku takarda ya ce ya rubuta sunan mai jinya ya kawo masa. Kuskuren manjo ke nan. Ya ga malamin lakol, ya ɗauka ya ga mutum.

Kitso ne sana'ata. Washegari da hantsi, bayan ta fito da Inna, Lantana ta zagayo ta zauna a gabana, ta ce in yi mata shuku, tun sallar bara ba a taɓa kanta ba. Ta wanke zanenta mai ɗan dama-dama ta shanya. Ban taɓa jin ta yi surutu irin na ranar ba. Ta ce ba ta taɓa zuwa Agye ba, ta tambaye ni ko a ƙasa ake zama ko a benci. Ta ce in jika ukun nan ya tabbata za ta fara da likita, sannan ta sayi 'yar tunkiya.

"Ko ba a ba ni komi ba, Mairo," ta ce, "kwana goma bayana ya huta. Shi kaɗai ma ya isa."

Kwana biyu kafin tafiya Ishaku da Tijjani suka zauna a tsakar gida bayan sallar safe, Nazira tana bakin ƙofar ɗakinta tana yankan farce. Aka kira Lantana. Tijjani ne ya fara. Ya ce sun yi shawara, sun ga in ta tafi babu mai iya zama da Inna, domin babu wanda ya san hannunta kamar ita, Inna ma ba ta yarda da kowa sai ita. Ya faɗi haka kamar yana yi mata kirari. Ishaku ya ƙara da cewa ba ta da kartidantite, wato katin shaidar ɗan ƙasa, ba ta iya riƙe alƙalami ba, in nasaran porje suka yi faransanci za ta kunyata gida. Saboda haka an rubuta sunan Nazira. Za ta je ta koyo ta dawo ta koya mata, ai duk ɗaya ne.

"Manjo ya ce da Hausa za a yi," in ji Lantana. "Kuma ni ya nuna."

"Manjo ne zai kwana da Inna?" in ji Tijjani.

"To Nazira ta zauna da ita kwana goman. Ni wata ashirin na yi."

Nazira ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe fuska, wai an faɗi abin kunya. Ishaku ya ga maganar tana neman ta zama magana, sai ya jawo makaminsa. Ya yi dariya ya tafa hannu, ya ce ina aka taɓa kai baiwa lakol a bar uwargijiya a gida, lallai zamani ya zo. Wannan karon babu 'yan benci, shi kaɗai ya yi dariyarsa. Inna ta yi gurnani daga ɗaki, lokacin wanka ya yi, Lantana ta tashi ta tafi.

Wato ƙwarewarta ce ta hana ta zuwa koyo. Da tana sakaci, da ta bar tsohuwar ta yi gyambo tana wari, da wataƙila sun ce ta je a gyara mata hannu. Da yake ta iya, sai aka ce ba a iya rabuwa da ita, aka aika wadda rashinta ba zai rage komai a gidan ba. Kuma gaskiyarsu, Nazira ta yi kwana goma a Agye, ko kaza ba ta lura ba ta nan.

Ta dawo da jaka. A ciki akwai farar riga, safar hannu ta roba, ledar shimfiɗa, da takarda mai hatimi wadda Ishaku ya kai aka sa wa gilashi ya rataye a ɗaki. Lantana ta bari ta huta, ta je ta tsaya bakin ƙofa ta tambaye ta abin da aka koya musu.

"Ba wani sabon abu, Yaya Lantana," in ji Nazira. "Duk abin da kike yi ne. Ki ci gaba kawai."

Iyakar darasin ke nan. Ledar shimfiɗa ta koma rufin moton Ishaku saboda ruwa. Safar hannu kuwa na gan ta da idona a hannun Nazira tana kwaɓa lalle, don kada tafinta ya yi ja kafin ta shirya. Duk ƙarshen wata ta ci ado ta je ta sa hannu ta karɓo jika uku. Ishaku ya ce kuɗin gida ne, tunda albashi ba ya zuwa, kuma ita ma Lantana a cikinsa take cin tuwo.

Ranar da 'yan porje suke zagayowa duba aiki ita ce ranar da kunyar Nazira take tafiya hutu. Tun da safe Lantana za ta yi wa Inna wanka ta shafa mata mai ta fito da ita gindin bedi, sai a aike ta rijiya mai nisa. Nazira ta sa farar riga ta zauna kusa da surukarta da kwanon kunu da cokali. Baƙi su duba, su ga fata sumul, su yaba, su rubuta. Motarsu ba ta gama fita daga unguwa ba za a ajiye cokalin, kunya ta dawo bakin aiki.

Bayan Lantana ya ci gaba da lalacewa. Da farko da safe ne kawai yake riƙewa, sai ta dafa bango kafin ta miƙe. Daga baya ta fara ɗaure ƙugu tamau da tsohon ɗankwali. Na kira mata wanzami ya yi mata ƙaho, ya tsotse jinin da ba ta da shi, ba a ga sauƙi ba. Ta sayi ƙwayoyi ja da rawaya a wajen masu talla da kuɗin da nake ɗan ba ta, su kashe zafin na rabin yini ya dawo. Ciwon ya gangaro ƙafar hagu, ta ce tana jin ta kamar ba tata ba. Ta koma yin salla a zaune. Takalminta na hagu ya riga na dama cinyewa saboda jan ƙafa, amma ɗagawa shida ɗin nan ba a rage ko ɗaya ba.

Wata rana da hantsi na ji ta roƙi Nazira. Ba ta ce ta ɗauki fo ba, ba ta ce ta yi wanka ba.

"Nazira, don Allah kama min ƙahwahunta kawai. Daga gado zuwa bedi."

"Haba, Yaya Lantana. In taɓa jikin uwar mijina? Da wane ido zan dube ta?"

Ta shige ɗaki. Ranar ni na zagaya na kama ƙafafun, kuma na ji nauyin da baiwar Allah take ɗauka ita kaɗai, sai da na kwana biyu ina jin sa a ƙuguna. Na ƙara zuwa sau uku ko huɗu. Sai Ishaku ya tare maigidana a masallaci ya ce matarsa tana shiga musu gida tana nuna wa duniya kamar sun kasa da uwarsu. Maigidana ya ce in tsaya a gidana. Na tsaya. Ba zan yi muku ƙarya ba, ni ma ina cikin waɗanda suka yi kallo, kuma har yau in na tuna ina jin haushin kaina.

Mutum ɗaya ce a gidan ta ji tausayin Lantana, ita ce wadda ba ta iya magana. Bakin Inna ya karkace, ba a gane abin da take faɗi, amma hankalinta yana nan, kuma ita ce take jin nishin a kunnenta sau shida a yini. Sai ta fara ture kwano da hannunta mai lafiya. A ba ta cokali uku ta datse baki. Lantana ta gane, ta zauna tana lallashinta tana hawaye, tana cewa ta ci, ba ta da nauyi, wallahi ba ta da nauyi. Tsohuwar da ɓarin jiki ɗaya tana ƙoƙarin rage kanta da yunwa, 'ya'yanta maza biyu masu lafiyayyun ƙafafu huɗu tsakaninsu ba su ga abin da ta gani ba. Da Ishaku ya lura uwarsa ta rame, Lantana ya kira ya yi wa faɗa, ya ce ta fara ha'inci, ko don ba a kai ta Agye ba ne take hucewa a kan tsohuwa. Ranar bai ce mata baiwata ba. In zai zarge ta ya san sunanta.

Abin ya faru ana saura mako biyu zaɓe, ranar da wata jam'iyya ta kawo taro gari. Maza duk sun tafi, Ishaku ne ma mai riƙe lasifika. Nazira tana ɗaki tana shiri. Lantana ta rungumo Inna daga gado ta fito, ta yi taku huɗu ko biyar a tsakar gida, sai na ji ta yi wata ƙara gajera. Na leƙa. Ƙafafunta sun saki, amma ba ta saki tsohuwar ba. Ta durƙushe a hankali, ta kwanta ta baya, ta sauke Inna a kan ƙirjinta don kada kanta ya bugi ƙasa. Haka na tarar da su, ɗaya a kan ɗaya, Inna tana gurnani, Lantana tana cewa in fara janye Inna tukuna.

Da Ishaku ya dawo, uwarsa ya fara dubawa, wannan ban ga laifinsa ba. Amma da ya gama, ya leƙa inda muka shimfiɗe Lantana a ɗakin ajiyar hatsi ya ce, "Baiwa, yajin aikin ne ya iso?"

Ba ta ƙara tashi ba. Manjo ya zo ya latsa nan ya latsa can, ya soka mata allura a tafin ƙafa ba ta ji ba. Ya ce ƙashin baya ne, ya fi ƙarfinsa, sai Maraɗi, kuma da gaggawa. Ya rubuta takarda. Ishaku ya ninke ta ya sa a aljihu ya ce albashi bai zo ba. Tijjani ya ce kayansa suna hannun 'yan duwan, masu karɓar harajin kaya a kan iyaka, sai sun fito. Suka yi shawara irin tasu, suka gano cewa majinyaci ya fi samun kulawa a cikin danginsa na kusa, kuma iskar ƙauye ma magani ce. Mako guda tana kwance a ɗakin hatsi, ni nake kai mata kunu ta kan darni, ni nake zagayawa in gyara ta in maza sun fita. A cikin makon nan har an samo wa Inna masu jinya, mata biyu daga bayan kasuwa, kuma duk Juma'a ake biyansu, domin su ba taubasan kowa ba ne, ba sa jin wasa. Na yi mamakin ɗaukar har mutum biyu a gidan da ake kukan babu, ban gane ba sai ranar tafiya.

Da safe Chindo mai amalanke ya kawo shanunsa ƙofar gida, aka shimfiɗa tabarma da tsumma a kai. Ya shigo da wani maƙwabci za su fito da Lantana. Chindo ya sunkuya zai zura hannu a hammatarta, kamar yadda ita take yi wa Inna. Sai ga Nazira ta fito da sauri.

"Kai, Chindo, tsaya. Ba haka aka yi ba, za ka ji ma kanka ciwo."

Ta sa aka kawo zane mai ƙarfi. Ta nuna yadda za a juya Lantana gefe ɗaya a tura zanen ƙarƙashinta, a juyo ta a jawo shi. Ta kira matan nan biyu, ta tsayar da mutum biyu a dama biyu a hagu, ta ce kowa ya naɗe bakin zanen a hannu, ya lanƙwasa gwiwa, kada wanda ya sunkuya da baya. Tana yi tana bayani, muryarta har da daɗi, ta samu inda za ta nuna karatunta.

"Ranar hwarko anka koya muna wannan. Mutum guda ba ya ɗaga majinyaci, ko da wasa. Aƙalla biyu, da zane. Ɗaukar mutum guda ita ka karya baya."

Sai da ta rufe baki ta ji abin da ta faɗa. Lantana tana kwance a cikin zanen, ta juyo da kai a hankali ta dube ta.

"Ranar hwarko, Nazira?"

Nazira ta ja mayafi ta rufe fuska. Wata bakwai ta yi da wannan ilimi a cikinta, tana kallon mace tana karyewa a gabanta sau shida a yini, ta yi shiru, domin ta san in ta ce sai mutum biyu, ita ce ta biyun. Ishaku yana tsaye a bakin zaure, ya duƙufa yana murɗa rediyonsa kamar tashar ce ta ɓace masa.

Suka ƙirga uku suka ɗaga. Ko nishi babu wanda ya yi. Suka fita da ita suka ɗora a amalanke kamar an ɗauki tabarma. Na bi ta har bakin hanya ina riƙe da ƙullin kayanta, ta ce min, "Mairo, kin san ko kaɗan ban ji zahi ba? Ashe abin ba wuya."

Inna Mariyama ta ƙara wata biyar ta rasu, da gyambo a bayanta. An yi sadaka ta gani ta faɗa, Tijjani ya yanka sa, malamai suka yaba wa 'ya'yan da suka riƙe uwarsu har ƙarshe. Nazira kuwa porje ya ɗauke ta aiki saboda kyakkyawan rahoton da aka rubuta a kanta. Yanzu ita take zagaya ƙauyuka tana koya wa mata jinya, kuma an ce ta iya bayani. Ishaku har gobe yana kan benci yana kare haƙƙin ma'aikaci. In na wuce nakan gaishe shi, domin maƙwabci ne, amma ba na duban fuskarsa.

Da kaka na shiga motar kasuwa na je Gangara. Na tarar da Lantana a gidan ƙanenta, a ɗan ɗaki kusa da turken awaki. Matar ƙanen, Batulu, ita take kula da ita, mace mai 'ya'ya biyar da aikin gona. Rana ta yi tsaka, ɗakin kamar tanda, ga inuwa a waje taku goma, amma Lantana tana ciki gumi ya jiƙa tabarma. Na tambayi Batulu me ya hana a fito da ita. Ta ce ita kam ta gaji da roƙo, ai Lantana ba ta da wani nauyi, da hannu ɗaya ma za ta iya ɗaukarta, amma ta hana. Ta sa ta rantse ba za ta taɓa ɗaga ta ita kaɗai ba. Sai in an samu wani ya kama ɗaya bakin zanen, kuma lokacin aikin gona gidan ba kowa. Wani lokaci tun safe take kwance a wuri ɗaya har la'asar tana jiran mutum na biyu.

Na ajiye mayafina na ce wa Batulu ta kawo zanen.